Ranar da Baba Ya Ɗauki Makarar Taliyani

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Alhamis ne, a ɗakina da ke unguwar Hindawiyya a Makka. Mu huɗu ne a wurin: ni, da ɗana na biyu, da matarsa, da ƙaramar 'yarsu. Ina kan darduma ina jan carbi, sai yarinyar ta leƙo daga bayan labule sanye da wata farar fuskar roba mai dogon baki kamar na shamuwa. Ubanta ne ya sayo mata a wani kanti a Rusaifa. Ban nemi shawarar kowa ba, na miƙa hannu na fizge abin, na sa a ƙasa na taka har ya tsage. Yarinya ta sa kuka tana kiran “Sitti, Sitti,” wato kaka da Larabcinsu, uwarta ta sungume ta suka fita.

Ɗana ya ce, “Haba Inna, lu'uba ce fa, abin wasa ne. Bikin Italiya ta gani a talabijin take sha'awa.”

Na ce masa na san wannan biki tun ubansa yana yawo ba wando. Na ga bai gamsu ba. Ni ba mai zurfin ilimi ba ce, allo na yi, sai ɗan rubutun da na koya da girmana. Amma na iya jera magana. Zan faɗa bi da bi, kai mai karatu ka yi hukunci.

A hanya aka haife ni, ba a Makka ba. Baba ya baro ƙasar Kano da Inna, da ƙanensa da muke kira Baffa, da mahaifiyarsu, wato Kaka. Niyyarsa ɗaya ce: ya kawo tsohuwa ta ga Ka'aba da idonta kafin ta bar duniya. Tafiyar ƙasa ce, a yi damina a nan, a yi rani a can. Ina da kamar shekara tara muka iso Musawwa, a bakin Bahar Maliya, garin da a lokacin yake hannun Italiyawa. Taliyani muke ce musu. Mu Takari, wato 'yan hanyar Makka, a bayan gari muke, cikin bukkokin kara da tsofaffin buhuna. Garin kansa yana kan tsibiri, sai an bi wata doguwar hanya da aka cike teku aka yi. Zafin garin ba irin na Makka ba ne. Na Makka ƙuna yake yi, na Musawwa kuwa jiƙa mutum yake yi, ga warin kifi da gishiri har a cikin tuwo.

Baba baduku ne. Hannuwansa manya ne, tafin kamar ƙirgi, amma in ya riƙe basilla sai ka ce yatsun suna gani. A Musawwa ba mai neman jakar fata, don haka ya koma ɗinkin ƙyallen jirgi, wannan babban farin ƙyalle da iska ke turawa. Wani mutumin Yaman mai sambuk, wato jirgin katako, ya yi alkawari da shi: in ya gama masa sabon ƙyalle kafin iska ta juya, zai haye da mu duka. Ƙaramar Salla ta wuce da wajen wata guda, aikin Hajji ya matso, ɗinki kuma saura gefe ɗaya. Kaka a lokacin ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi yana, fari da baƙi kawai take bambancewa. Ba wanda ya furta, amma kowa a bukkarmu ya san in ba ta haye bana ba, ba za ta haye ba. Ita kanta cewa take, “Ku dai kai ni, ko da rarrafe ne zan zaga.”

Akwai wani hali na Baba da dole ka sani kafin in ci gaba. Malaminsa na gida ya koya masa hakkin makara, mu ma ya koya mana, wani lokaci da tsumagiya. In makara ta zo wucewa a miƙe tsaye, ko ta wane ne, Musulmi ko ba Musulmi ba, domin rai ne Allah ya karɓa. Kuma namiji ba ya tsayawa yana kallo makara ta faɗi ƙasa. A hanyar Sudan na ga ya sauke kayansa ya bi jana'izar mutumin da bai taɓa gani ba, ayari ya tafi ya bar mu, sai da muka kwana biyu muna bin sawu.

Baffa kuwa ba haka yake ba. Ya guje wa dukanci tun yana yaro. A Musawwa dako yake yi a tashar jirgi, ya sami gajeren wando irin na Taliyani, ya iya gaisuwarsu, yana shan taba a bayan bukka. Kullum Baba cikin yi masa faɗa yake a kan salla, wani lokaci a gaban mutane, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushin da ban taɓa so ba. Shi ne ya zo da labarin cewa gobe Taliyani za su yi babban bikinsu, karnabal, kafin su shiga azuminsu. Za a rufe tasha, za a yi kiɗa, za a raba alewa. Baba ya ce ba inda za mu. Amma Kaka ta ce ta gaji da kallon buhu, a kai ta ta ji hayaniyar mutane. Ga shi kuma zarensa ya ƙare, dole ya shiga gari ya sayo. Abin da uwa ta nema, Baba ba ya cewa a'a sau biyu.

Da hantsi muka fita. Inna ta ƙulla gurasa da busasshen kifi a ƙyalle, ni na ɗauki buta. Baba ya yi mana tsari kamar yadda ya saba: shi a gaba, Kaka ta dafa kafaɗata, Inna a bayanmu, Baffa a ƙarshe. An aro wa Kaka jaki har bakin gari. Tun muna kan hanyar tekun muke jiyo badujala. Baba ya sayi zarensa da kakin zuma ya cusa a aljihu, muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka ci guzurinmu a inuwar bango, sannan Baffa ya ja mu zuwa babban titi.

Ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba sai da na zo Mina. Amma cinkoson Mina kowa ya san abin da ya kawo shi. An ja igiya a gefen titi, baƙaƙe a bayan igiya, Taliyani a ciki, askarawa masu dogayen jajayen huluna suna kai da komo da bulala. Da Habashawa da Larabawa da mu, an matse mu kamar kifi a kwando, gumin wani yana zuba a wuyan wani. A cikin titi kuwa ba fuska ɗaya ta gaskiya. Wani da bakin tsuntsu, wani da kan jaki, wani ya shafe fuska da gari ya ja baki har kunne. Manyan mutane masu furfura, waɗanda ran aiki ko gaisuwa ba sa amsawa, ga su suna tsalle da ƙararrawa a ƙafa. Maza sun sa rigunan mata sun cusa tsumma a ƙirji. Warin giya ya danne warin kifi. Daga saman benaye ana zubo yankakkun takardu masu launi, suna manne wa mutum a gumi.

Alewar da aka ce za a raba, jifa ake yi da ita. Su cilla ta cikin ƙura a bayan igiya, yara su yi ta kokawa, su kuma su tafa hannu. Wata ta faɗo a cinyar Kaka, don mun samar mata dutse ta zauna. Ta shafa ta ji ko mene ne, ta ɗaga hannu ta ce, “Allah ya karɓi sadaka, Allah ya jiƙan magabata.” Na sunkuya zan tsinci wata, Baba ya taka ta da ƙafa ya ce, “Abin da aka jefa wa kare ake ɗauka a ƙasa.” Ya juya ga Inna ya ce mun gani, a tashi. Amma ba hanyar fita, mutane sun toshe bayanmu.

Can bayan la'asar kiɗa ya sauya. Gangar ta koma a hankali, dum, dum, kamar ana ƙirga sawu. Sai ga makara ta ɓullo daga kan kwana, mutum huɗu na ɗauke da ita. An lulluɓe na ciki da baƙin ƙyalle, ga tudun ciki, ga takalma sun leƙo ta ƙasa. A baya wata ƙatuwar mace cikin baƙaƙen kaya tana ihu tana dukan ƙirji, da ta matso na ga gemu a ƙarƙashin mayafin. Jama'ar cikin titi dariya suke yi. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Kaka ta kama hannuna ta miƙe da ƙyar.

Ta ce, “Wa ya rasu?”

Baffa ya ce, “Wani babbansu ne, Iya. Duk shekara sai ya mutu.”

Kaka ba ta ji ƙarshen maganar ba saboda ganga, Baba ma bai ji ba. Ni na ji, amma ban gane ba. Na dai ga wannan murmushin a bakinsa.

Masu ɗaukar makarar a buge suke, suna tangaɗi. Daidai inda muke, na gaba ta hagu ya yi tuntuɓe ya faɗi, makara ta karkata, ƙafar na ciki ta fara zamowa. Kafin in ƙifta ido Baba ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ya tare ta da kafaɗa. Askari ya ɗaga bulala, amma wani mai bakin tsuntsu ya riƙe hannun askarin, ya yi wa jama'a wata magana, aka kwashe da dariya. Suka bar Baba ya ɗauka. Wani ya kifa masa hular takarda a kan hularsa, wata ta watsa masa gari a gemu. Bai kula ba. Yana tafiya a natse, idonsa a ƙasa, leɓɓansa suna motsi. Shi kaɗai ne a titin nan yake jana'iza.

Inna ta kama rigar Baffa ta ce, “Kai ka san mutanen nan. Mene ne wannan? Je ka dawo da yayanka.”

Ya ce, “Bar Malam ya kwashi lada. Ba shi ne mai koya wa kowa ba?”

Ina so ka riƙe wannan, mai karatu. A wannan lokaci kalma ɗaya ta isa. Ciyawa ce. Da Baffa ya tsallaka igiya ya faɗa masa haka a kunne, da Baba ya sauke, ya sha kunya, mu koma gida ya ƙarasa ɗinkinsa. Baffa ya sani, domin bara ya gani. Ya zaɓi ya yi kallo.

Taro ya ɗauke mu kamar ruwa ya ɗauki kara, har wani fili a bakin teku. Inna ta goya Kaka a baya, ni na riƙe zanenta. A tsakiyar filin an tara itace. Suka ɗora makarar a kai. Na ga Baba yana waige-waige, kabari yake nema. Sai wani ya zo da gwangwanin kananzir ya kwarara, matar nan mai gemu ta ƙyasta ashana, wuta ta tashi, badujala ta ɓarke, kowa ya hau rawa.

Na ji muryar Baba ta fi ganga ƙarfi. “Ɗan Adam ne! Ku ji tsoron Allah, ɗan Adam ne!” Ya kutsa cikin wutar, ya kama na kwance da hannu biyu ya jawo. Abin ya zo masa da sauƙi har ya faɗi zaune. Baƙin ƙyallen ya yaye. Tsohuwar riga ce da wando aka cusa wa ciyawa, kan kuma na kwali ne, an zana masa baki yana dariya. Kananzir ya bi hannun rigar Baba. Ya zauna a ƙasa riƙe da ciyawa mai ci, yana kallonta, kamar bai ji zafin ba tukuna.

Dariyar da aka yi a filin nan har yau tana kunnena. Wasu sun zaci shiri ne, cikin wasan yake. Wata mace ta jefa masa fure. Sai a lokacin Baffa ya ruga yana ihu, “Ciyawa ce, Yaya, ciyawa ce!” Wani Bahabashe mai sayar da ruwa ya juye masa salkarsa, wuta ta mutu. Ba a tsayar da kiɗa ba. Suka tura abin da ya rage na gunkin cikin wuta suka ci gaba da rawa, mu kuma muka ratsa ta gefe. Kaka tana ta tambaya, “An binne shi? Me ya sami ɗana?” A hanyar komawa Baba ne a kan jakin, hannuwa a ɗage sama kamar mai addu'a, Kaka a bayan Inna. Zaren da ya saya yana aljihunsa, kakin zuman ya narke ya manne da shi.

Inna ta yi abin da ta sani, da zuma da man shanu da farin ƙyalle. Fatar tafinsa ta saluɓe. Mai sambuk ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce shi ba mugu ba ne amma iska ba ta jiran kowa. Inna ta gwada ɗinkin, basilla ta ƙi ratsa ƙyallen a hannunta. Baffa ya gwada, ya yi kwana yana fama, mai jirgi ya sa yatsa ya farke abin da ya ɗinka a ja ɗaya. Aka ba wani mutumin Barno ya ƙarasa, shi da iyalinsa suka shiga gurbinmu.

Ranar da jirgin zai tashi Kaka ta ce a kai ta bakin ruwa. Na zaunar da ita a kan yashi. Da aka ja ƙyallen sama ya cika da iska, ta ƙanƙance ido ta ce, “Wancan farin, shi ne namu?” Na ce shi ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “To, ɗinkin ɗana ya riga ni zuwa.” Ba ta ƙara maganar Makka ba.

Da zafi ya tsananta ta rasu. A lokacin ciwon Baba ya warke, amma yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki, ba ya iya riƙe ko ludayi sai da hannu biyu. Da aka fito da makararta bai iya kama ta ba, sai da maza suka ɗaga suka ɗora masa a kafaɗa. Mu mata muna bakin bukka. Na ga Baffa ya matso a raɓe zai kama ɗaya gefen. Tun ranar bikin Baba bai ce masa ko kanzil ba. Ya dube shi ya ce, “Kama da kyau. Wannan ta gaske ce.”

Shekarar da ta biyo muka haye, da wankau da dakan da Inna ta yi ta yi. Baffa bai biyo mu ba, ya ce sai baɗi. Daga baya yaƙi ya zo ƙasar, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. A Makka Baba ya zama mai ɗiban ruwa, da sanda a kafaɗa da garwa biyu, yana hawa da sauka a lungunan duwatsu, tunda kafaɗa ce ta rage masa. Ya yi Hajjinsa, ya yi wa Kaka nata. A Muzdalifa ni nake tsintar masa tsakuwar jifa in zuba masa a aljihu, saboda yatsunsa ba sa ɗaukar ƙaramin abu. Na yi zaton zai bar bin makara. Bai bari ba. Duk sallar da aka fito da mamaci a Harami, yana cikin masu sa kafaɗa, har ƙarfinsa ya ƙare. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce, “Da mutum ne fa?” Yana sa Baffa a addu'a har ya rasu. Shi ya yafe. Ni ban kai shi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na kai ba.

Yanzu jikokina Hausarsu sai a hankali, Larabci ya cinye ta. Daga Kano zuwa Jidda mutum ya yi kalaci a can ya yi la'asar a nan. Bikin da ya cinye hannun Baba ya shigo mana ɗaki ta cikin akwatin talabijin, da kaya masu kyau da kwale-kwale, ba wari, ba igiya, ba bulala. Ɗana ya ce mutanen yanzu ba su ne na da ba, kuma wataƙila gaskiyarsa ce. Amma ni duk fuskar da aka ɓoye don a yi dariya, ba ta kwana a gidana. Ban ba yarinyar haƙuri ba. Washegari na aika aka sayo alewa, na kira ta, na buɗe tafinta na sa mata a ciki.

Ga roƙona gare ka. In Allah ya kawo ka garin nan, ka tsaya gaban Ka'aba kana kallonta da idonka, ka tuna akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Kano da ke kwance a yashin Musawwa, wadda teku ɗaya ya rage mata. Ba sai ka san sunanta ba, Allah ya sani. Ka roƙa mata gafara a zagayenka na farko, kafin ka fara jera bukatunka.